Yadda Ake Koyon Kitso, Daga Tsaga Har Zuwa Jela

Yawancin masu son koyon kitso sun riga sun iya kalaba, ko aƙalla sun san yadda ake sarƙa gashi gida uku. Inda suke cijewa shi ne yadda za a sa sarƙar ta kwanta a jikin fatar kai, ta bi layi tun daga goshi har ƙeya ba ta tashi ba. Wannan zan koya miki, kuma da mafi sauƙinsa za mu fara, wato kitson da ake ja a miƙe zuwa baya. Duk wadda ta iya shi ta gama da mai wuyar, domin shuku da sauran zane-zane canjin tsaga ne kawai, aikin yatsu ɗaya ne.

Tun yanzu ki cire wa ranki cewa ƙarfin ja ne yake sa kitso ya yi kyau. Tsaga mai tsabta da ɗibar gashi kaɗan-kaɗan daidai wa daida, su ne kitso. Na koyar da mutane da dama, kuma kusan kowace sabuwar hannu da ja take ƙoƙarin rufe abin da ta ɓata a ɗiba.

Kayan da za ki tanada

Mataji mai manyan haƙora, don taje gashi. Ƙananan haƙora suna tsinka gashi mai cika.

Kibiya, ko kum mai dogon tsinke a gindinsa, don tsaga. Idan babu, tsinken saƙa mai dasasshen baki zai yi. Kada ki kusanci kan mutum da allura ko wani abu mai kaifi, fatar kai ba ta da wuyar yagewa.

Abin kame gashi: kilif, ribom ko roba mai laushi. Idan ba ki da ko ɗaya, ki yi wa gashin da ba ki zo kansa ba kalaba ƙatuwa sako-sako, zai zauna.

Ruwa a kwalbar fesawa. In babu kwalbar, ki zuba a kofi ki riƙa tsoma yatsu.

Man gashi, irin wanda kan ya saba da shi, na kaɗanya ne ko na kwakwa ko na zaitun. Jel ba dole ba ne. Yana kwantar da ƙananan gashi a bakin tsaga, amma idan ya yi yawa yatsu suna santsi, bayan kwana biyu kuma ya bushe ya yi fari kamar amosani.

Zaren ulu mai kauri kala uku, don gwajin farko.

Sai wurin zama da haske. Wadda za a yi wa kitso ta zauna ƙasa da ke, kanta ya zo daidai ƙirjinki ko ƙasa kaɗan. Idan kan ya yi sama, kafaɗunki za su gaji kafin ki gama layi uku. Ki cire zobe, ki duba farcenki: farce mai tsage yana kama gashi yana tsinka shi a kowace ɗiba.

1. Fara da zare kafin kan mutum

Ki yanko ulu kala uku, kowanne tsawon kamu biyu ko uku, ki ninka su su yi kauri, ki ƙulle bakinsu wuri guda ki ɗaure a jikin kujera. Yanzu kina da sili uku: na hagu, na tsakiya, na dama. Ki ɗauki na dama ki bi da shi ta ƘARƘASHIN na tsakiya, ya dawo shi ne a tsakiya. Ki ɗauki na hagu ki bi da shi ta ƙarƙashin sabon na tsakiyar. Haka za ki yi ta yi, dama, hagu, dama, hagu.

Bi ta ƙarƙashin nan shi ne yake sa kitso ya taso ya zauna ɗas a saman kai. Idan kika bi ta sama, sarƙar za ta nutse ciki ta ɓuya. Shi ma kitso ne, akwai masu sonsa, amma ba shi muke nema yau ba. Mutane da yawa ta sama suka saba yin kalaba, to sai hannu ya riƙa komawa gidan jiya. Amfanin kala ukun ke nan: da kin yi kuskure idonki zai nuna miki. Kada ki bar zaren sai kin ga kina iya yi kina hira, ba kya kallon hannunki.

Daga zare ki koma kan roba irin na koyon gyaran gashi, ko 'yar tsana mai gashi. In babu, ki nemi babba mai haƙuri wadda za ta iya gaya miki gaskiya idan ta ji zafi. Ban yarda a koyi kitso a kan ƙaramar yarinya ba. Fatar kanta ba ta yi ƙwari ba, ba ta iya dogon zama, kuma sau da yawa tsoro yake hana ta cewa ana ja mata.

2. Shirya gashin

A wanke kai, a bar shi ya bushe. Gashi jiƙaƙƙe yana miƙewa fiye da ƙima, yana kuma saurin tsinkewa, sannan idan aka kitse shi da lema a ciki kai yana wari. Busasshe ƙarau ma ba ya kitsuwa, karyewa yake. Abin da ake so tsaka-tsaki ne: ki ɗan fesa ruwa, ki shafa mai, gashin ya yi laushi amma idan kin matse shi babu ruwa a tafinki.

Ki raba kan gida huɗu ki taje kowane gida shi kaɗai. Daga baki ake fara taje gashi, ana gangarowa zuwa tushe a hankali, ɗaya hannun yana riƙe da gashin don kada jan ya kai fata. Gashi mai nannaɗewa sosai ya fi daɗin kitso idan an miƙar da shi. Ana iya busar da shi da diraya a kan zafi kaɗan, ko a yi masa manyan kalaba ya kwana, ko a naɗe shi da zare.

Kina tajewa kina duba fatar kan. Idan kin ga ƙuraje, gyambo, makero ko ƙwarƙwata, ki ajiye kitso a fara magani, ki kuma wanke matajin da sabulu da ruwan zafi kafin ya taɓa wani kan. Wadda ta sa rilaksa ta jira kamar mako 2, domin gashin yana da rauni a lokacin. Game da tsawo kuwa, gwanaye suna kama gashin da bai wuce santimita 5 ba, amma ke ki nemi wanda ya kai tsawon yatsanki na tsakiya ko ya fi.

3. Tsaga

Ki tsaya a bayan mai kitson, ta ɗago kanta ta kalli gaba sak. Ki ɗora bakin kibiya a goshi daidai saitin karan hanci, ki ja layi ɗaya har ƙeya. A ja ɗaya ake so, bakin kibiyar yana kwance a fata, ba ana caccakawa ba. Ki buɗe gashin da yatsu ki duba. Idan layin ya karkace ki sake, ko sau nawa ne, domin duk sauran layukan shi za su bi.

Kowane ɓari ki raba shi gida 3, kai ya tashi da kitso 6. In gashin yana da cika ki yi 4, ya zama 8. Kada ki yi kwaɗayin ƙanana tukuna. Manya ƙwarai kuma suna fin ƙarfin yatsun mai koyo.

Abin da ba a cika gaya wa mai koyo ba shi ne, kai ba faɗinsa ɗaya ba. Ya fi faɗi a sama, ya tsuke a ƙeya. Idan kika ja layuka da faɗi ɗaya tun daga gaba har baya, kafin ki zo na ƙarshe wuri ya ƙare a ƙeya, sai ki ga kitson gefe ya mutu a bayan kunne. Don haka ki fara tsaga kan duka, ki kame kowane layi da abinsa, ki zagaya ki duba gaba da baya, sannan ki fara kitsawa. Kowane layi ya riƙa tsukewa kaɗan yayin da yake gangarawa ƙeya. Na kusa da kunne kuma ba ya tafiya a miƙe, yana ɗan lanƙwasa ya bi bayan kunnen.

Idan gwaji kike, fara da layin da ke jikin tsagar tsakiya, shi ya fi miƙewa. Idan kitson fita ne, fara daga gefe, kafin ki zo na tsakiya da kowa zai gani hannunki ya saki.

4. Kafa tushe

Ki saki layi ɗaya, sauran gashin ki kame shi nesa, kada sili ko ɗaya ya ratso. Ki shafa ɗan mai a bakin tsagar hagu da dama. A can gaban layin ki yanki gashi kaɗan, kamar faɗin farcen ɗan'alinki, ki raba shi uku daidai. Ki sarƙa sau biyu ta ƙarƙashi ba tare da kin ƙara komai ba. Tushen ke nan.

Ƙananan gashin nan masu laushi na bakin goshi, ki ƙyale su. Ba a kama su. Su ne suka fi kowane gashi rauni, kuma su ne suke fara tafiya. In an gama sai a kwantar da su da ɗan mai da buroshi mai laushi.

5. Ɗiba

Nan ne kitson yake, don haka ki bi ni sannu a hankali.

A kowane lokaci hannu ɗaya yana riƙe da sili biyu, ɗayan yana riƙe da ɗaya. A ce hannunki na hagu yana da silin hagu kaɗai, kin danne shi cikin tafi da yatsu ukun ƙarshe, babban yatsa da ɗan'ali suna sake. Hannun dama yana da na tsakiya da na dama. Ki zura ɗan'alin hagu ta ƙarƙashin silin tsakiya, bakinsa yana gogar fatar kai, ya kwaso gashi kaɗan daga ɓangaren dama na layin, ya haɗa da silin dama, ki matse su da babban yatsa ki jawo su tsakiya. Yanzu hagu ne yake da biyu, dama yana da ɗaya. Sai ɗan'alin dama ya yi irin abin da ɗan'uwansa ya yi: ya shiga ta ƙarƙashin na tsakiya, ya kwaso gashi daga ɓangaren hagu, ya haɗa da silin hagu, ya jawo tsakiya. Shi ke nan, haka ake yi har ƙeya.

A karance yana da rikitarwa, amma da kin sa hannu a gashi za ki ga yatsun suna karɓa suna miƙa wa juna. Ga abubuwan da za ki kiyaye kina tafiya.

Hannunki kada ya bar jikin kai. Bayan yatsunki ya riƙa taɓa fata koyaushe. Da zarar kin ɗaga hannu sama don ki ga abin da kike yi, kitson zai tashi, a sami rami a ƙarƙashinsa wanda yatsa zai iya shiga. Mai koyo tana ganin haka sai ta ƙara ja, alhali sauke hannu kawai za ta yi.

Ki ɗebi kaɗan, kuma a kowane sarƙi. Idan kika yi sarƙi biyu ba ki ɗiba ba, sannan kika kwaso da yawa a na uku, wurin zai kumbura ya yi ƙulli. Gashin da za ki ɗiba shi ne wanda yake daf da inda kitson ya tsaya, ba wanda yake can gaba ba. Ki kai yatsa har bakin tsaga ki kwaso, in ba haka ba gefen layin zai yi buzu-buzu. Abin da kika ɗiba a dama, kwatankwacinsa za ki ɗiba a hagu. Idan ɓangare ɗaya ya fi samu, kitson zai karkata can ya bar tsakiyar layinsa.

Ki riƙa warware jela. Kina sarƙa sama, ƙasan gashin ma yana sarƙewa da kansa. Bayan kowane sarƙi ɗaya ko biyu ki zura yatsa tsakanin silin ki ja har baki. Idan kika manta, za ki tsinci kanki da dunƙule a ƙasa, dole ki saki kitson ki warware, in kin saki kuwa ya kwance. A nan ne miƙar da gashin da kika yi tun farko yake biyan ki.

Ki tsaya a inda kitson ya dosa. Jikinki ya kasance a bayan layin, kina jawo shi zuwa gare ki. Idan kin wuce tsakiyar kai ki ce ta sunkuyar da kai kaɗan, amma kada ta kai haɓa ƙirji. Kitson da aka kama ƙeya a sunkuye sosai yana sakwarkwacewa in an ɗago, wanda aka kama a ɗage kuma yana ja in an sunkuya.

Idan sili ɗaya ya sirance ya kusa ƙarewa, ki ɗan tsakuro daga mai kaurin da ke kusa da shi ki haɗa masa, ki ci gaba. Idan kuma yatsunki sun rikice kin rasa wane ne na tsakiya, kada ki yi ta lalube. Ki warware sarƙi biyu ko uku ki koma inda kika gane.

6. Yawan ja

Wannan ba mataki ba ne da za a yi a wuce, abu ne da za ki riƙa dubawa tun daga layin farko. Kitso ya kamu, amma kada ya yi zafi. Ki kalli fatar gefen tsaga: idan ta tattare, ko ta yi sheƙi, ko kin ga tushen gashi ya ɗago da ɗan farin abu, kin ja da yawa. Ki ce ta ɗaga gira, ta juya wuya hagu da dama. Idan ta ji yana ja, ki tsefe layin ki sake, ko da ya fi sauran kyau.

Ana yawan cewa a daure, zai saki bayan kwana biyu. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Kitson da zai hana mutum barci, ko ya sa shi neman maganin ciwon kai, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a goshi da ƙeya, ɓarna yake yi. Likitocin fata sun daɗe da sanin irin zubewar gashin da yawan ja yake kawowa, wadda take fara cin gaban goshi da saman kunne. Idan an farga da wuri an sassauta, gashin yana dawowa. Idan aka shekara da shekaru ana ja, tushen yana mutuwa, wurin ya zama tabo, babu man da zai tsirar da shi. Wadda ta ba ki kanta amana ta ba ki, kada ki sa ta rasa goshinta don a yaba hannunki.

7. Jela

Idan kin kai ƙeya gashin ɗiba ya ƙare, ki ci gaba da sarƙa silin uku kamar kalaba, ta ƙarƙashi dai. Sarƙi biyun farko bayan kin bar fata ki riƙe su da kyau, nan ne yake yawan sakewa. Ki kai har baki. Gashi mai nannaɗewa yana riƙe kansa, ɗan mai kawai za ki shafa ki murza bakin a yatsa. Mai santsi ko wanda aka sa wa rilaksa yana buƙatar 'yar roba, amma kada ki ɗaure ta tamau.

Maganar ƙarin gashi ki ajiye ta sai hannunki ya zauna. Yana ƙara nauyi a tushe, yana kuma ɓoye miki kurakuran da ya kamata ki gani.

8. Idan kanki za ki yi wa

Ana yi, amma ya fi wuya, domin yatsu ne za su zame miki ido. Ki sa madubi ɗaya a gaba ɗaya a baya don tsaga. Idan da mai taimako, ki roƙe ta ta tsaga miki kawai, sauran ki yi da kanki. Da kin fara ɗiba ki daina kallon madubi, yana juya hagu da dama ya rikita hannu. Ki fara da manya guda 2 ko 4. Hannuwa za su yi tsami. Ki danne kitson da yatsu biyu ko kilif, ki sauke su su huta. Idan kin wuce tsakiyar kai za ki ji kamar hannun ya juye, sai ki ɗaga gwiwar hannu sama ki ci gaba ta baya, jelar kuma ki zagayo da ita ta kafaɗa ki ƙarasa.

9. Kula da shi da tsefewa

A ɗaura ɗankwali mai santsi ko hular barci da dare, auduga tana shanye mai tana tayar da gashi. A shafa mai kaɗan a tsaga idan fata ta bushe. In ƙaiƙayi ya dame ta, ta danna da tafin yatsa, kada ta sa tsinke ta yi ta soka. Ana iya wanke kai da kitso a hankali, ana bin tsaga, sai dai a tabbata ya bushe sarai kafin a rufe.

Irin wannan kitson mako 2 ya ishe shi, in ya daɗe 4. Na mai koyo ma ba lallai ya kai haka ba, kuma wannan ba abin damuwa ba ne. Gashi yana tsirowa kamar santimita 1 a wata, sabon tsiron yana sa kitson ya yi lilo yana jan tushe, datti kuma yana taruwa a gindinsa.

Wajen tsifa, ki fesa ruwa ki shafa mai, ki fara daga jela da bakin kibiya, kina hawa sarƙi bayan sarƙi. Za ki ga gashi ya fita da ɗan yawa, kada ki firgita. Mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 kowace rana, waɗanda kitso ya riƙe ne suka taru suka fito lokaci guda. Abin da zai nuna miki matsala shi ne guntayen gashi masu karyewa, ko wurin da ya yi fili. Ki taje kan tas, ki cire duk gashin da ya zube, kafin ruwan wanki ya taɓa shi. In kika wanke bai tsefu sosai ba zai cuɗe ya dunƙule, wani lokacin sai da almakashi. Sannan a bar kan ya sha iska kwana biyu ko uku kafin a sake kama shi, in an tashi kuma a ɗan gusar da tsagar daga inda ta bi a baya.